Yadda Za Ka Sayar da Littafin Yara da Ka Buga da Kuɗinka

Mai karanta littafin yara ba shi ne mai biyan kuɗinsa ba. Yarinya 'yar shekara bakwai tana iya ganin bango ta ƙyasa, amma kuɗin yana hannun uwarta, ko babanta, ko mai makarantar da take zuwa. Saboda haka sai ka gamsar da mutum biyu a lokaci guda: yaron da zai ce a saya masa, da babban da zai duba ya ga ko abin ya cancanci kuɗinsa. Marubuta da yawa sun rubuta labari mai daɗi, kwalayen littafi kuma suka kwanta musu a ɗaki har gara ta shiga, don ba su yi lissafin wannan babban ba.

Abin da ake gamawa kafin a je maɗaba'a

Ka tsayar da shekarun yaran da ka rubuta wa, ka rubuta su ƙarara a bayan bango: shekara 4 zuwa 6, ko 7 zuwa 9, ko 10 zuwa 12. Tambayar farko da uwa ko malami zai yi ke nan, kuma amsar “na kowane yaro ne” ba ta sayar da komai. Ƙananan yara suna son manyan baƙaƙe, jimla ɗaya ko biyu a shafi, sauran fili kuma hoto. Yawan shafuka ya zama wanda 4 za ta raba, kamar 16, 24 ko 32, domin ninka takarda ake yi a ɗinke ta da waya a tsakiya. In ka kai shafi 26, ko dai a ƙara maka farare biyu ka biya kuɗinsu, ko a ce ka rage.

Ka fitar da kwafi uku ko huɗu a injin kwamfuta na shago, ka bai wa malaman firamare biyu su karanta wa yara a aji kana zaune a baya. Inda yara suka fara surutu, nan labarin ya yi sanyi. Inda malama ta tsaya tana fassara kalma, kalmar ta fi ƙarfinsu. Ka roƙi malaman su rubuta maka ra'ayinsu a layi biyu, da izininsu ka sa a bayan bango.

Ka sa ido sosai a kan ɓ, ɗ da ƙ. Wasu nau'o'in baƙaƙen kwamfuta ba su da su, sai su fito a matsayin ɗan akwati, ko mai tsara shafi ya mayar da su b, d, k ba tare da ya faɗa maka ba. A littafin manya ana iya haƙuri, amma a littafin da yaro zai koyi karatu da shi, malamin Hausa yana ganin “kasa” a wurin “ƙasa” zai ajiye shi. Kada ka yarda a fara bugu sai ka ga samfurin ƙarshe a takarda ka sa masa hannu.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta, tana da lamba 13, ta Nijeriya kuma tana farawa da 978-978. Manyan shagunan littattafai da hukumomin ilimi suna neman ta. Bayan bugu, doka ta ɗora wa mai bugawa mai zaman kansa ajiye kwafi uku a wannan ɗakin karatu. Wanda zai sayar a Kano ya leƙa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar ya ji sharuɗɗanta tun da wuri, domin littattafai ma suna ƙarƙashinta. A bayan bango kuma kada ka manta da lambar wayar da mai son sari zai kira. Wannan ɗan layin yana kawo ciniki fiye da yadda ake zato.

Farashi

A nan ake faɗuwa tun kafin a fara. Ga misali da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin lissafi. Kai ka sa naka. A ce zane, tsara shafi da buga kwafi 1,000 sun ci naira 800,000. Za ka ce kowane kwafi ya tsaya a 800, amma ba haka ba ne. Cire kwafi 100 na kyauta, na samfuri da waɗanda za su fito da lahani, saura 900, kowanne ya tsaya maka a kusan 890. In ka sa farashin 2,500, mai shago ya ɗauki kashi 30 cikin ɗari, 1,750 ne zai zo hannunka, kuma sai ka sayar da kusan kwafi 460 kafin uwar kuɗinka ta dawo. In tausayin iyaye ya sa ka sa 1,200, bayan kason mai shago 840 za ka karɓa, wato kana asarar naira 50 a kowane kwafi, ban da kuɗin mota da na waya. Abin da ya fi aminci shi ne farashin bango ya kai kusan ninki uku na abin da kwafi ya ci.

In wannan farashin ya fi ƙarfin iyayen da kake nufi, ka rage tsadar bugun, kada ka taɓa ribar. Bugu mai cikakkiyar kala yana buƙatar farantin injin bugu huɗu, baƙi da fari kuwa ɗaya. Ana iya yin bango mai kala, ciki kuma zanen layi baƙi da fari wanda yara za su shafa wa kala da kansu, iyaye ma suna son irin wannan. Amma kada ka yi tsimi a bango: takarda mai kauri da aka shafa wa leda ita ce ke jure hannun yaro da jakar makaranta.

Makarantu

Babbar kasuwar littafin yara makaranta ce, musamman masu zaman kansu da Islamiyyu, domin a can mutum ɗaya yana iya yanke shawarar sayen kwafi 60 a zama ɗaya. Lokaci shi ne komai. Shekarar karatu a watan Satumba take farawa, makarantu kuma suna tsara jerin littattafan da iyaye za su saya tun a zango na uku, kafin dogon hutu. Wanda ya je a Oktoba ya makara da shekara guda. Ka fara zagaye daga Mayu zuwa Yuli. A wannan lokacin ne kuma ake shirin bikin yaye ɗalibai da raba kyaututtuka, makarantu suna neman abin da za su bai wa waɗanda suka zo na ɗaya zuwa na uku a kowane aji. Islamiyyu su ma suna neman kyauta lokacin walimar sauka da musabaƙa.

Ka rubuta sunayen makarantu 20 da ke kusa da kai, ka binciki wanda ke da ta cewa a kowace. Sau da yawa hedimasta ma'aikaci ne kawai, mai makarantar ne ke sa hannu a kuɗi. Ka je da safe bayan an shiga aji, ba lokacin tashi ba, da kwafi ɗaya na kyauta da takarda shafi ɗaya mai ɗauke da ajin da littafin ya dace da shi, abin da yaro zai koya, farashin ɗaya da farashin sari. In ka haɗa da tambayoyi goma da ɗan aikin aji da malama za ta yi amfani da su, ka rage mata wahala, ita kuma za ta tsaya maka a gaban mai makaranta.

Kada ka nemi ciniki a zuwan farko. Ka nemi minti 20 ka karanta wa aji ɗaya. Ka fara da “Ga ta nan, ga ta nanku”, ka bari su amsa, ka ɗaga littafin suna ganin hoto, ka tsaya kafin ƙarshen labari ka tambaye su me suke jin zai faru. Gani ya kori ji: mai makarantar da ya ga yara 40 sun yi tsit ba ya buƙatar dogon bayani. Bayan kwana uku ka kira, in ba a ba ka amsa ba ka sake kira bayan mako guda.

Rangwamen sari ka rubuta shi a rasit da sunan makaranta. Kada ka shiga yarjejeniyar ɓoye da wani malami a kan kaso. Ranar da ta fito fili, ƙofar makarantar ta rufe maka, labarin kuma zai isa sauran, don masu makarantu suna da ƙungiyarsu ta NAPPS kuma suna magana da juna. Wannan ƙungiyar ma hanya ce: in shugaban reshen ƙaramar hukumarku ya ba ka minti biyar a taronsu, ka ga masu makarantu da dama a wuri ɗaya. Makarantun gwamnati hanyarsu daban ce kuma doguwa, sai littafi ya bi ta tantancewar ma'aikatar ilimi ta jiha ko NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, saye kuma ta hannun SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, yake bi. Ka miƙa littafinka, amma kada ka ƙara yawan bugu saboda ana cewa za a saya.

Shaguna da bashi

Yawancin masu shagon littattafai ba za su biya nan take ba, za su ce ka ajiye, in an sayar ka zo ka karɓa. Ka yarda, amma da kwafi 10 kacal a karon farko, da takarda biyu iri ɗaya masu ɗauke da adadi, farashi, kason shago da ranar da za ku yi lissafi, kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya. Ka koma bayan wata guda. Wanda ya biya ka ƙara masa, wanda ya ce ka dawo gobe har sau biyu ka kwashe kayanka cikin mutunci. Ka duba kuma inda aka ajiye littafin: in yana ƙarƙashin tarin littattafan jarrabawa, ba a sayar da shi ba ne don ba a gan shi ba. Shagunan kayan yara, masu sayar da kayan makaranta da manyan kantuna sukan fi shagon littafi kawo ciniki, domin a can iyaye mata ke zuwa da yaran a hannu.

Waya da rediyo

Hoton bango kaɗai ba ya sa a saya. Ka ɗauki bidiyon minti ɗaya, hannu yana buɗe shafuka, murya tana karantawa, ka yanke a inda labari ya ɗau zafi, ka sa farashi da lambar waya. Ka ɗora a WhatsApp, Facebook da TikTok, ka kuma roƙi masu kula da zaurukan iyaye da na matan unguwa izini kafin ka tura musu. Fuskar yaron wani ba ta shiga bidiyo sai iyayensa sun amince. Kada ka taɓa tura wa kowa cikakken littafin ta waya, ko da ya biya; yana fita daga hannunka zai zagaye zauruka kyauta. Shafi uku sun isa ɗanɗano.

Gidajen rediyo suna da filayen yara da na adabi, kuma masu gabatarwa suna neman baƙi. Ka kai musu kwafi ka nemi hira maimakon sayen talla. An fi samun dama a kusa da 21 ga Fabrairu, ranar harshen uwa, 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya, 27 ga Mayu, ranar yara a Nijeriya, da 26 ga Agusta, ranar Hausa. Ka tuntuɓe su mako uku kafin ranar.

Bikin ƙaddamarwa kuwa a yi hattara da shi. Alƙawarin da aka yi a lasifika ba kuɗi ba ne sai ya shigo, kuma kuɗin zaure, abinci da katin gayyata suna iya cinye abin da aka tara. In ba ka da babban mai ƙaddamarwa da ka tabbatar da shi, ka yi ɗan taro a harabar makaranta, yara su yi wasan kwaikwayon labarin, iyayensu su zo kallo, tebur da littattafai da na'urar POS suna bakin ƙofa.

Mai saye daga wani gari ya turo kuɗin littafi da na mota tukuna. Ka naɗe kayan a leda kafin kwali, ka kai tasha, ka tura masa lambar direba da ta mota. Masu nufin Maraɗi ko Damagaram su nemi wakili ɗaya a can, su yi farashi da sefa, su kuma sani cewa a Nijar ƴ ake rubutawa inda Nijeriya ke rubuta 'y, malamai za su lura. Sauran kwalaye ka ɗora su a kan katako nesa da bango, saboda damshin damina da gara. Ka riƙe littafin lissafi mai nuna inda kowane kwafi ya tafi da wanda ya biya, in saura kwafi 200 a hannunka, ka ware kuɗin bugu na biyu ka koma maɗaba'a kafin Mayu.