Taliya da ƙwallon nama: inda ake yawan kuskure, da yadda ake gyarawa

Ranar farko da na ce zan yi wa mutanen gida sufageti da ƙwallon nama, surukata ce ta zo mana kwana biyu, ni kuma ina son a ce amarya ta iya. Na mulmula nama ashirin da ɗoriya, na jefa su cikin miya tana tafarfasa, na sa ludayi na juya kamar mai burga miyar kuka. Da na buɗe tukunya bayan minti goma, babu ƙwallo ko ɗaya, duk sun wargaje sun bi ruwa. Taliyar kuwa tun kafin magariba na sauke na zuba a kula, aka zo ci bayan isha'i ta dunƙule sai da aka yanka ta da cokali. Hajiya ta leƙa faranti ta ce, "'Yar nan, dambu kika yi mana? To, Allah ya yi albarka." Ta ci kaɗan ta nemi shayi.

Daga baya na gane matsalar: na ɗauki abincin kamar shinkafa da miya, na ɗauki naman kamar naman miya. Ko ɗaya ba haka yake ba.

Wannan girki na Italiyawan Amurka ne. Tsakanin 1880 da 1920 Italiyawa sama da miliyan 4 suka yi ƙaura zuwa Amurka, yawancinsu talakawa daga kudancin ƙasar, yankunan Napoli da Kalabiriya da tsibirin Sisili. A gida nama sai ranar biki, a New York kuwa suka tarar yana da sauƙi, sai ƙwallon naman da suke kira polpette ya ƙara girma ya hau kan taliya. A Italiya kanta har yau an fi cin taliya daban, naman ya biyo baya a wani faranti. Wannan tarihin yana da amfani ga mai girki: asalin ƙwallon nama dabarar talaka ce ta miƙa nama kaɗan da busasshen biredi ya ishi gida. Biredin da wasu ke ɗauka algus ne, shi ne sirrin taushin.

Ƙwallon naman

Kuskuren da ya fi yawa a wajenmu shi ne tafasa naman kafin a daka. Hannu ya saba da dambun nama, sai uwargida ta sulala shi da albasa da kayan ƙamshi, ta daka, sannan ta yi mamakin ya ƙi haɗuwa. Dafaffen nama ba ya kama jikinsa kamar ɗanye. Ɗanyen nama ne idan ya haɗu da gishiri yake fitar da danƙon da ke riƙe ƙwallon. Ɗanye za ki niƙa.

Na biyu, zaɓen tsoka zalla. Ki je wajen mahauci ki ce ya cire miki kitse tas, kin sayi tauri da kuɗinki. A girkin Italiyawan Amurka ana yawan cakuɗa naman shanu da na alade, kuma maiƙon yana fitowa ne daga na aladen. Mu da ba ma cinsa, dole mu nemo maiƙon a wani wuri. A rabin kilo, ki bari kamar giram 80 zuwa 100 ya zama kitse, ko ki haɗa naman shanu kashi biyu da na rago kashi ɗaya. Abin da za a cire shi ne jijiya da fatar nan fara mai yauƙi, su ne ke naɗewa a injin niƙa kuma su tsaya a haƙori.

Idan kin wanke nama, ki bar shi a kwalanda ya tsane sosai, har ki goge shi da tsumma mai tsabta. Jiƙaƙƙen nama yana ba da niƙa mai ruwa. Kada kuma ki zuba shi a bilenda da ruwa ki markaɗa ya yi sumul kamar ƙullun ƙosai. Idan ya dahu zai yi danƙo kamar roba. Ana son niƙan ya zama da ɗan tsaki-tsaki. Wadda ba ta da injin niƙa nama ta yanka shi ƙanana ta daka a turmi, sama-sama. Kuma a niƙa shi ranar da za a yi girkin, don niƙaƙƙen nama ya fi gunduwa saurin lalacewa, balle a zafin bazara.

Yanzu biredin. Ga rabin kilo na nama, ki ɗauki yanka 2 na biredi wanda ya kwana, ki cire ɓawon, ki jiƙa da madara kamar babban cokali 6, ki bar shi minti 10, ki murje da yatsu ya zama kamar kunu mai kauri. Madarar gari da aka dama da ruwa ma ta yi. Nama idan ya ji wuta tsukewa yake yi ya matse ruwan jikinsa waje. Jiƙaƙƙen biredin nan yana shiga tsakani ya riƙe ruwan, shi ya sa ƙwallon ke fitowa da laushi. Biredinmu yana da zaƙi, don haka ki nemi wanda sukarinsa bai yi yawa ba. Masu zuba fulawa a maimakonsa suna samun ƙwallo mai nauyi, mai kama da ɗanwake.

Ƙwai ɗaya ya isa rabin kilo. Na ga masu fasa uku don tsoron wargajewa, sai haɗin ya yi ruwa, su ƙara fulawa, a ƙarshe a rasa ɗanɗanon nama. Albasa kuma kada a yanka ta manya, gutsattsarinta ne ke buɗe ƙofar tsagewa. Ki gurza ƙarama guda ɗaya, ki ɗan matse ruwan. Tafarnuwa ƙwaya 2 a daka, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, masoro kaɗan, ganyen fasili idan akwai. Kori da tayim da citta da kanumfari duk a lokaci ɗaya, a ganina, suna mayar da shi wani abinci daban. Attaruhu ɗaya dai ba na hana kowa, ni ma ina sawa.

Wajen haɗawa, hannu ya yi sauƙi. Wannan ba kwaɓin fanke ba ne da za a yi ta bugu. Ki buɗe yatsu ki cakuɗa har komai ya game, minti ɗaya ya isa, ki tsaya. Daga nan ki gutsuri kaɗan kamar girman gyaɗa, ki soya ki ɗanɗana. Wannan ɗan gwajin shi ne kaɗai damarki ta gyara gishiri, domin bayan an mulmula babu sauran gyara.

Ki jiƙa tafin hannu da ruwa, ki mulmula kamar girman ƙaramin lemun tsami, ba tare da matsewa da ƙarfi ba. Rabin kilo zai ba ki wajen 20. Su zama kai ɗaya, in ba haka ba ƙananan su bushe manyan ba su nuna ba. Ki jera a tire ki sa a firiji minti 20 zuwa 30 su ɗan daskare. Idan babu wuta, ki rufe ki ajiye a wuri mafi sanyi a gidan na minti 10 kawai, kada ya wuce haka.

Suya kuma ba irin ta ƙosai ba ce da ake nutsarwa a mai. Mai kaɗan ya rufe gindin kasko, wuta matsakaiciya, a sa su da tazara a tsakaninsu. Idan kika cika kaskon, zafi zai sauka, ruwa ya fito, su koma dahuwa su yi fari. Ki yi sahu biyu ko uku. Kuma ki bar hannunki ya huta: ƙwallon da bai yi ja ba yana manne da kasko, idan kika tilasta shi zai bar rabin jikinsa a can. Bayan kamar minti 2 ko 3 da kansa zai saki. Ba sai cikin ya nuna a nan ba, miya ce za ta ƙarasa.

Miyar

A nan kuskuren ɗaya ne babba: a yi miyar dage-dage irin ta shinkafa, mai yana iyo a sama, tattasai da attaruhu sun danne tumatir. Wannan miyar ta tumatir ce, mai babban cokali 3 ko 4 ya ishe ta, man zaitun in da hali, in babu man gyaɗa mai kyau. Ki yi ta a kaskon da kika soya naman, don wannan jan da ya kama gindinsa ɗanɗano ne, ba datti ba. Albasa ta fara yin laushi, sannan tafarnuwa, ita kuma daƙiƙa 30 ta ishe ta. Da ta yi baƙi ɗaci ya shiga miyar, sai dai a sake. Tumatirin gwangwani cokali 2 a soya shi minti 2 har ya yi duhu, sannan a zuba markaɗaɗɗen tumatir nunanne kamar kilo ɗaya.

Maganar tsami: mun saba jefa kanwa. Tana kashe tsamin, gaskiya ne, amma tana dusar da jan miyar kuma ta bar wani ɗanɗano a bayan harshe. Ki ba tumatirin minti 30 a ƙaramar wuta, tukunya a buɗe, yawancin tsamin zai lafa. In ya rage, karas ɗaya gurzajje ko rabin ƙaramin cokali na sukari.

Sai a saka ƙwallayen a hankali, wuta can ƙasa, miyar tana ɗan motsi kawai. Nan ne na yi ɓarnata ranar Hajiya. Minti 10 na farko kada ludayi ya shiga. In kina tsoron kamu, ki riƙe hannayen tukunyar ki girgiza. Minti 15 zuwa 20 sun nuna. Ki fasa ɗaya ki duba, kada a ga ja a tsakiya. Niƙaƙƙen nama ba kamar tsire ba ne, ƙwayoyin cutar da ke bayan nama niƙa ya riga ya kai su ciki, shi ya sa ake son zafin tsakiyarsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas. Ganyen ɗoɗɗoya kaɗan a ƙarshe yana tsaya wa ganyen da Italiyawa ke sawa, 'yan gida ɗaya ne, sai dai namu ya fi ƙarfi, ganye huɗu ko biyar sun isa.

Taliyar

Ita ce ta ƙarshe a kan wuta, kuma sai an tabbatar masu ci suna gida. Miya da nama za su iya jira awa guda a ɗumi, har daɗi suke ƙarawa. Taliya ba ta jira. Idan maigida ya tafi masallaci, ki ɗora ruwa ya tafasa, ki zuba taliyar idan kin ji sallamarsa.

Ruwan da yawancinmu ke sawa ya yi kaɗan, saboda mun saba da dafa-duka inda ake son ruwa ya tsotse. Ƙa'idar Italiyawa mai sauƙin riƙewa ce: kowane giram 100 na taliya, lita 1 na ruwa da giram 10 na gishiri. Leda ɗaya ta giram 500, wadda za ta ishi mutum biyar ko shida, tana son lita 4 zuwa 5 da gishiri kusan babban cokali 3. Kada adadin ya tsorata ki, mafi yawansa zai tafi da ruwan. Taliyar da aka dafa ba gishiri lami take, komai daɗin miyar da aka zuba mata.

Man da ake zubawa a ruwa wai don kada ta manne, asara ce, a sama yake iyo taliya tana ƙasa. Abin da ke hana mannewa shi ne ruwa mai yawa yana tafasa sosai, da juyawa a minti 2 na farko, lokacin da sitacin ke fita. Karya ta biyu ba laifi ba ne idan yara ƙanana ne za su ci, amma doguwa ta fi naɗuwa a cokali mai yatsa ta kwaso miya. Ki tsayar da ita a tukunya, ƙasan zai yi laushi cikin rabin minti, ki tura sauran.

Lokacin da aka rubuta a jikin leda jagora ne kawai. Ki fara ɗanɗanawa minti 2 kafin ya cika. Ana son ki ciza ki ji ɗan tsayi a tsakiya, abin da Italiyawa ke kira al dente. Na san a gidajenmu da yawa za a ce ba ta nuna ba, to ki ƙara minti ɗaya, amma kada ki kai ta ga luguf, don akwai sauran wuta a gabanta. Kafin ki tace, ki ɗebi kofi ɗaya na ruwan dahuwar ki ajiye.

Sai babban al'amari, ɗauraye taliya da ruwan sanyi. Kusan kowa na yi. Ruwan yana wanke sitacin da ke bayanta, wanda shi ne ke sa miya ta kama ta, sai ki ga miya ta zame ta taru a gindin faranti taliya tana fari a sama. Ki tace kawai. Ki tsame ƙwallayen a wani kwano ki rufe, ki juye taliyar da zafinta cikin rabin miyar, ki zuba ludayi ɗaya na ruwan da kika ajiye, ki juya a kan wuta minti ɗaya ko biyu har kowane zare ya yi ja yana sheƙi. In ta yi kauri, ƙara ruwan. Sannan a juye a babban tire, a jera naman a kai, a bi da sauran miyar.

Idan dole sai an aika wa wani a kula, ki rage mata minti 2 a dahuwa, ki juya ta da miya kafin ki zuba, naman kuma a kwano daban. Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a waje. A firiji mai wuta zai kai kwana 3. Ni nakan ware ƙwallo huɗu ko biyar da ɗan miya tun kafin a kai tire falo, da safe in ɗumama, in fasa su a tsakiyar biredi yara su tafi da shi makaranta.