Yadda Nake Shirya Motar Wankin Kafet Kafin Hunturu Ya Kama

Injin wankin kafet da ke girke a bayan motata na hannu ne, wato an taɓa amfani da shi, daga Amurka ya fito, kuma da littafinsa ya zo. Babin sanyi na littafin duk zancen ƙanƙara ne: a tsiyaye ruwan famfo da na tiyo, a ɗura maganin hana daskarewa, mota ta kwana a gareji mai ɗumi. Suna da hujja, don ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa famfo cikin dare guda. Mu a Zariya, duk sanyin asubar Janairu da ke sa mutum karkarwa, ruwa ba ya daskarewa. Ƙura ce ke kashe mana inji.

A shekarata ta farko na koyi wannan da tsada. Disamba lokacin bukukuwa ne, ina ta zirga-zirga daga Tudun Wada zuwa Samaru da Hanwa, inji na aiki a layukan da ba kwalta. Kafin ƙarshen Fabrairu ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Da bakanike ya buɗe, sai ya lakato da yatsa ya nuna mini, ya ce, "Maigida, ai ƙasa injin nan ya ci." Mako uku na yi ba aiki, ga yara biyu da abincinsu ke wuyana.

Tun daga nan, da Nuwamba ya shigo nake sayen filtar iska guda biyu in ajiye, bayan wadda ke jiki. Kullum da yamma sai na ciro ta, in haska tocila daga ciki. In haske ba ya ratsa takardar, ko na ga huji ko da na allura ne, ta gama aiki. Kada a wanke filtar takarda da ruwa ko fetur, kada kuma a kai wa mai faci ya buɗe mata iska da ƙarfi, yaga ta yake yi ba a sani ba. A duba robar bakinta ma, domin in ba ta zauna daidai ba, ƙura ta gefe za ta bi, sabuwar filtar ta zama ado. Baƙin mai kuwa ba na jiran awoyin da littafi ya faɗa su cika, da wuri nake juye shi.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, don haka in na isa gidan aiki nakan juya motar yadda bakin da inji ke shaƙar iska ba zai fuskance ta ba. Amma ƙofofin motar a buɗe suke zama muddin inji na aiki. A nan ba na sassauci ko kaɗan. Yaron aiki zai so ya shige ciki ya ja ƙofa don ya ji ɗumi, alhali hayaƙin inji na ɗauke da guba marar wari da ke sumar da mutum har ta kashe shi. Salansa ma kada ta kalli tagar masu gida.

Bushewar iska kan sa tsohuwar roba ta ƙage. A bi fanbel da kowane tiyo da hannu, a lanƙwasa a gani. Wanda ya fara tsattsagewa a sauya, musamman tiyon ruwan zafi, wanda in ya fashe a falon mutane ƙona ƙafa zai yi.

Batir mai rauni da sanyin safiya yake tona kansa. Mai lafiya, in ya kwana bai yi aiki ba, yakan nuna bolt 12.6 a mita. In ya gaza 12.4, a yi masa caji a sake gwadawa. A kankare farin garin da ke kan kawunansa, a ɗaure, a shafa giris. Mai motar gas, wato dizal, ya sa a duba masa hita fulogi, abin da ke ɗumama inji ya tashi da sanyi. Lagireto kuma ina zuba masa ruwan kulan ne, wato ruwan sanyaya inji na kanti, ba na rijiya zalla ba, ba don tsoron ƙanƙara ba, don tsatsa.

Sai ruwa. Da rani ya matso muna komawa na burtsatse da na 'yan garuwa, wani da yashi, wani mai barin farin dutse a cikin bututun da ke dafa ruwa. Alamarsa ita ce zafi ya ragu, feshin ma ya yi laushi. Kafin kakar aiki nakan zagaya da maganin narkar da shi, in ɗauraye sosai, kuma ba na cika tanki sai na tace ruwan. Tankin dauɗa, inda ruwan da aka tsotso daga kafet ke taruwa, a wanke shi a ranar, shi da ragarsa, saboda kafet ɗin hunturu laka yake fitarwa, in ta kwana sai ta ƙame kamar siminti.

Ranar da hazo ya sauka a hanyar Kano ko Kaduna, fitila a kunne ko da rana ce, kuma kada a kaɗa waifa a busasshen gilashi, karce shi take yi.

Hunturu na da alherinsa: kafet na bushewa da wuri. Sai dai jiƙaƙƙen kafet na kama ƙura, shi ya sa nake roƙon uwar gida, "Hajiya, a rufe tagogin gabas da na arewa, a kunna fanka." In shimfiɗar masallaci ce, da hantsi muke farawa don jama'a su samu ta bushe kafin La'asar. Yaran aikina kuwa kowa da takunkuminsa da safar hannu, kuma akwai kwalbar basilin a gaban mota, domin sabulun wanki da iskar nan in suka haɗu a hannu, kafin mako guda ya tsage har jini.