Darasi na 6: Radish, Ɗan Ƙaramin Saiwa Mai Yaji

Idan kun je wurin masu sayar da kayan lambu a lokacin hunturu, kusa da karas da latas da kabeji, kuna iya ganin wasu ƙananan saiwoyi jajaye an ɗaure su da ganyensu. Sunansu radish. A Nijar ana ce musu radi, Larabawa kuwa, har da mutanen Sudan, suna kiransu fijil. Akwai ja mai kama da goro, akwai kuma fari dogo wanda ake ci sosai a Japan da Indiya. Shukar tana son sanyi, kuma jan yakan isa cira cikin mako 3 zuwa 4 kacal.

Me ke cikinsa?

Mu ɗauki giram 100 na ɗanyen radish, wato kimanin cikin tafin hannu. Kusan giram 95 daga ciki ruwa ne zalla. Ƙarfin abincin da ke ciki kalori 16 ne kawai, saboda haka ba ya ƙosarwa, ba ya kuma sa ƙiba. Yana da fotasiyam miligiram 233, sinadarin da ke taimaka wa jiki daidaita bugun jini. Yana da harza giram ɗaya da rabi, wadda ke sa bayan gida ya fita ba wahala.

Sai bitamin C, kimanin miligiram 15. Wannan bitamin yana ƙarfafa dasashi, yana taimaka wa rauni ya warke, yana kuma sa jiki ya fi tsotse sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, wanda shi ne mai ƙara jini. Amma kada a zuga radish fiye da kima. Lemun zaƙi ya ninka shi sau uku, gwaiba kuwa ta ninka shi fiye da sau goma. Wanda ke da bishiyar gwaiba a gida ba ya bukatar radish don neman bitamin C.

Daga ina yajin yake fitowa?

Nan ne abin sha'awar yake. Ku shinshina radish da ba a yanka ba, ba za ku ji komai ba. Ku gatsa shi, nan take yaji ya hau hanci. Dalili shi ne, a cikin saiwar akwai abubuwa biyu da ke zaune a ware, kamar maƙwabtan da katanga ta raba. Ɗaya ana kiransa gulukosinolet, ɗayan mayirosines. Wuƙa ko haƙori ne ke rushe katangar. Da sun haɗu sai su haifi sinadari na uku mai yaji, mai suna aisotayosayanet. Ba sai kun haddace waɗannan sunaye ba. Ku dai san cewa makami ne da shukar ke korar ƙwari da shi, kuma irinsa na cikin kabeji da zogalenmu na gida.

Masana sun gwada wannan sinadari a ɗakin gwaji da kuma jikin ɓeraye, sun ga yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, yana kuma zaburar da hanta wajen tace guba. Gwajin ɓera daban, warkar da mutum daban. Duk mai cewa radish na maganin ciwon daji ko ciwon suga, talla yake yi. Mai ciwon suga zai iya cinsa hankali kwance, domin sitacinsa kaɗan ne, amma ya ci gaba da shan maganin da likita ya rubuta masa.

Jan ɓawon ma yana da amfani. Launin daga dangin sinadarin da ke sa zoɓo ja yake, saboda haka kada a fere shi.

Yadda za a ci

Wuta tana lalata bitamin C, tana kuma kashe yajin. Gara a ci shi ɗanye, a yanka dab da lokacin ci, a haɗa da tumatir da albasa da garin ƙuliƙuli. Sai dai tunda a cikin ƙasa yake girma, wasu lambunan kuma da ruwan kwata ake ba su ruwa, dole a cuɗe shi sosai da ruwa mai tsabta.

Ganyen da mutane ke jefa wa awaki ya fi saiwar kalsiyam da bitamin C. A sulala shi kaɗan a yi kwaɗo, ko a zuba a miya daf da saukewa.

Radish yana sa wasu gyatsa da kumburin ciki, mai gyambon ciki kuma yajin na iya damunsa. Yawan cin dangin kabeji ɗanye yana iya rage yadda jiki ke amfani da ayodin, don haka mai maƙoƙo ya taƙaita, a kuma riƙa girki da gishiri mai ayodin.

Aikin gida

Ku rubuta jimla biyu kan abin da ya sa radish ke yin yaji bayan an gatsa shi. Sannan ku lissafa: idan giram 100 na da bitamin C miligiram 15, miligiram nawa ke cikin giram 300? Ku zo da amsa a darasi mai zuwa.