Yadda za ka yi idan makullin motarka ya ɓata

Kada ka fasa gilashi. Mai aikin makulli zai buɗe ƙofar cikin 'yan mintuna, ko fenti ba zai kuje ba. Ka tanadi takardun mota da katin shaidarka, ka kwafi lambar chasis, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne wajen yanka sabon makulli. Sai mutum ya je kasuwa a yanko masa ƙarfe, ya buɗe ƙofa lafiya, ya murɗa, injin ya yi ta juyi amma ya ƙi kamawa. Yawancin motocin da aka ƙera daga wajajen 2000 zuwa yau, har 'yan Kwatano, akwai ɗan ƙaramin cif a cikin baƙar robar kan makullin. Idan ƙwaƙwalwar motar ba ta gane shi ba, ba za ta saki mai ba. Dubi dashbod, za ka ga fitila mai hoton makulli ko kwaɗo tana ƙiftawa. A nan ne wani rewaya zai ce bari ya yanke waya ya haɗa kai tsaye. Kada ka yarda, an cire wa motar tsaro ke nan, kuma matsalar lantarki ba za ta ƙare ba.

Nemo mai na'urar kwamfuta. Zai jona ta a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya shigar da sabon cif. Batir ya kasance cike, don idan wuta ta faɗi ana tsakiyar aiki ƙwaƙwalwar na iya rikicewa. Rimot ɗin sabon makullin kuma a duba mitar siginarsa ta dace da ta motar: motar Amurka galibi 315 MHz take, ta Turai 433.

Kafin ya cire na'urar, ka sa shi ya goge tsohon makullin daga ƙwaƙwalwar motar. Da yawa ba sa yi sai an ce. In ba a goge ba, duk wanda ya tsinta zai tayar da motar. Idan kuwa sace shi aka yi, kai rahoto ofishin 'yan sanda, a canza har kan makullin ƙofa, don tsohon ƙarfen yana buɗewa.

A yi maka biyu a zama ɗaya, ya fi arha nesa ba kusa ba. Ɗayan ya zauna a gida, ba a aljihun mota ba.