Yadda za ka yi cinikin sabuwar a-kori-kura dila bai yanke ka ba

Tun ranar da na raka Kawuna Kaduna sayen mota muka dawo Zariya da la'asar hannu rabbana nake son in yi wannan rubutun, don ranar har 'yan gida sai da suka yi mana dariya wai kuɗin ne bai kai ba. Kawu harkar hatsi yake yi, masara da waken suya, kullum yana hanyar Giwa da Soba da ƙauyukan da in damina ta zauna ƙaramar mota ba ta shiga, so shi a-kori-kura ba ado ba ce, jari ce.

Ka fara sanin cewa duk motar da ta fito sabuwa, wuƙa da nama suna hannun dila. Ka ɗauki Hilux, wadda muka saba gani tun 2015 take, sai dai a ɗan canza mata fuska, sai a Nuwamba 2025 Toyota ta nuna sabon zubi a Tailan. Irin wannan in ta fara shigowa 'yan ƙwarori ne, kuma 'yan siyasa da 'yan kwangila na layi, mutanen da ko tayi ba sa yi, alat kawai dila zai ji. Toh kai da ka tara kuɗinka buhu-buhu in ka je a makonnin farko me za ka ce masa? In ba dole ba ka ɗan jira wata biyu uku, kaya su yawaita a wurin kowa, a lokacin ne bakin dila ke laushi. Kuma ka sa ido kan samfurin da ake bari, ita ma sabuwa ce dal a leda ba wanda ya taɓa hawa, amma tunda ƙanwarta ta iso ta zame wa dila kaya, kuɗinsa ne a kwance, a nan ragi na gaske yake.

Kafin ka kira kowa ka san takamaimai wace kake so, don "Hilux" kawai ba magana ba ce. Akwai mai fetur 2.7, akwai masu gas 2.4 da 2.8, akwai manuwal akwai otomatik, mai ƙofa biyu da mai ƙofa huɗu, mai giyar ogzilari da ke ja da ƙafa huɗu da wadda babu. Tsakanin ta ƙasa da ta sama miliyoyi ne, kuma nan ake yi wa mutane rufa-ido, a ba ka farashin ƙaramar a waya ka taso tun daga Zariya, ka isa a ce ai waccan an sayar jiya amma ga wata "ful opshon".

A nan garin yawanci abin da za ka gani a wurin masu sayar da mota 'yan Kwatano ne da na hannu, sabuwa fil sai ka nufi Kaduna ko Kano ko Abuja, wani lokacin ma daga Legas za a taso da ita. Wannan ba matsala ba ce, alheri ne ma, don kana zaune a Tudun Wada ko Samaru za ka kira wuri huɗu biyar, kowa ka ce ya turo maka farashi a rubuce ta WhatsApp, a takardar kamfani, da samfuri da shekara da girman inji. Wanda ya ce "Alhaji ka zo kawai za mu daidaita" bai ba ka komai ba. Kuma ko Hilux ɗin ce a ranka ka tambayi kuɗin Ford Ranger da Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max, har da Peugeot Landtrek da kamfanin Dangote Peugeot ke harhaɗawa a Kaduna, ba don lallai za ka saya ba, don dai dila ya ji a bakinka cewa kana da wurin zuwa.

Sai maganar dala, wadda ita ce waƙar kowa tun da aka saki naira a Yunin 2023. In dala ta hau da safe kafin azahar an ƙara wa mota kuɗi, in ta sauko kuma sai ka ji "ai tsohon kaya ne, da tsada muka sayo". Ka duba canji ranar da za ka je, kuma ka sa a rubuta maka kwana nawa farashin zai tsaya.

Amma wlh inda aka fi cin mutane shi ne wurin jimilla. Kar ka yi ciniki kan kuɗin mota, ka yi kan abin da zai fita daga asusunka har motar ta tsaya a ƙofar gidanka da lamba. Harajin VAT kaɗai kashi 7.5 cikin ɗari ne, a ce an yi ciniki miliyan 60, in ba ya ciki kaga miliyan 4.5 ke nan ta faɗo maka bayan kun gama musabaha. Ga rajista da lamba, ga inshora, ga tiraka (na'urar bin sawun mota in an sace), ga kuɗin kawowa. Tambaya ɗaya ce: "Duka-duka nawa zan tura?" Ka maimaita ta har sai an ba ka adadi ɗaya.

Bari in ba ku yadda Kawu ya yi. Da tsohuwar jallabiya ya je da silifas, ya hana ni ko taɓa motar, ya ce in na kuskura na ce "masha Allah" da ƙarfi a mota zan jira. Yaron wurin ya buɗe ƙofa, ƙamshin sabuwar leda ya bugo mu, ni har na fara lissafin ranar da zan ara in shiga unguwar PZ ta Zariya da ita, shi kuwa ya zagaya baya ya ƙwanƙwasa bodin ya tsuguna yana kallon sifirin kamar mai duba akuya.

Manajan ya fito ya faɗi kuɗi. Kawu ya yi shiru, irin shirun nan da ke sa mutum ya fara gyara hula, can ya zaro waya ya nuna masa takardar wani dilan Kano ya ce, "Yallaɓai, ga abin da aka ba ni, iri ɗaya ce, har VAT a ciki. Ni na fi son in saya a kusa da gida saboda sabis, in za ka sallama a kan haka yau za ka ji alat."

"Haba Alhaji, albarka. Ko mu ba mu same ta haka ba."

"Toh Allah ya kawo kasuwa."

Muka fito. Ya bar lambar waya dai, wannan kar ka manta, ka tafi cikin mutunci ka bar ƙofa a buɗe. Kuma ka lura bai yi tayin wulaƙanci ba, sabuwar mota ba gwanjo ba ce da za ka raba kuɗin biyu, in ka yi haka za a ɗauka ba saye ka zo ba. Tayinsa yana da takarda a bayansa.

Dillalai kuma, Allah ya ba su haƙuri, sana'a ce, amma duk wanda ya bi ka cikin wurin da sunan "ni na san mai wurin" la'adarsa a cikin kuɗinka take ko ba a faɗa maka ba. In dole sai da shi, ku yanke nasa tun a gida. In kana da tsohuwar mota da kake son bayarwa a yi maka ciko kar ka ambace ta sai an gama cinikin sabuwar, in ba haka ba abin da aka rage maka a nan za a zare shi a can.

In kuɗi ya ƙi motsi, koma kan kaya. Dila ya fi sauƙin ba ka abu a kan ya rage lamba: sabis na farko da na biyu kyauta, robar shimfiɗar baya don kar buhuna da ƙarafa su kankare fenti, tamfol, tiraka, rajista, ko su kawo ta Zariya da kuɗinsu. Duk abin da aka yi alkawari a sa shi a rasit, alkawarin baki ba ya wuce geti.

Kafin ka tura ko sisi ka tabbata sabuwar ce da gaske, don yanzu akwai gwanayen canza wa tsohuwar Hilux fitilu da bamba ta koma kamar ta bana. Ka je da bakanikenka. Ku duba lambar shasi a jikin mota ta yi daidai da ta takardun kwastam, ku duba lambobi huɗun nan na jikin taya, in ka ga 2324 yana nufin mako na 23 a 2024 aka yi ta, ku tabbata ba juya sitiyari aka yi daga dama ba. Ka tambayi garanti, shekara nawa, kilomita nawa, kuma wane gareji ne zai karɓe ta, don wadda aka shigo da ita daga Dubai ta hannun ɗan kasuwa tana iya fin araha amma in inji ya yi tari kai da aljihunka ne. Kafin alƙalami kuma sai da rasit mai lambar shasi da ranar bayarwa da sharaɗin dawo da kuɗi, kuma asusun kamfani za ka tura, ba na wani yaro ba.

Mu dai kwana goma sha ɗaya bayan nan, wajen ƙarshen wata, muna zaune bayan isha'i wayar Kawu ta yi ƙara. Manajan ne. Bai sauko har kuɗin Kano ba, ya ɗan ɗara kaɗan, amma ya haɗa da rajista da robar baya da sabis biyu. Kawu ya ce zai yi shawara, ya kashe, ya ci gaba da cin tuwonsa, sai da safe ya kira. Ranar Asabar direbansu ya kawo ta har Kwangila muka karɓa, kuma har yau ban samu aron ba.