Daga allo zuwa takarda: inda aikin zane ya fi lalacewa

Katin auren da ya fara jawo mini asara kore ne. Wata Hajiya ta zo shagona a Nima, cikin birnin Accra na Ghana, da ƙyallen yayi a hannu, wato abin da mutanen Najeriya ke kira anko, ta ce, "Ɗana, kalar nan nake so, kada ka rage, kada ka ƙara." Na haɗa kore shar, na tura mata a waya, ta ce ma sha Allah. Da kati ɗari biyar suka fito daga wurin masu ɗab'i a New Town, sai ga kore kamar miyar kuka ta kwana. Na tafi da faɗa fal bakina. Mai injin bai ce mini uffan ba, ya buɗe fayil ɗina ya ɗora yatsa a kan harufa uku: RGB. Na haɗiye faɗana, kuɗin bugu na biyu ya fita daga aljihuna.

Allon waya da na kwamfuta da haske suke haɗa kala, ja da kore da shuɗi, su ne RGB. Injin ɗab'i kuwa tawada huɗu yake cuɗawa, shuɗi mai haske da ja mai kama da hoda da rawaya da baƙi, su ne CMYK. Akwai kalolin da haske ke fitarwa waɗanda tawada ba ta isa gare su ba, musamman kore mai walƙiya da shuɗi mai ɗaukar ido da ruwan lemo. Maganin shi ne ka buɗe aikin a CMYK tun daga farko, kada ka jira sai ka gama. Sannan a buga guda ɗaya na gwaji a kan irin takardar da za a yi amfani da ita, ka kai wa mai aikin ya fita da shi waje ya duba a hasken rana. "Na gani a waya" ba yarda ba ce, don wayoyi biyu ma ba sa nuna kala iri ɗaya. Ƙananan rubutu kuma a yi su da baƙar tawada zalla, K 100. In ka haɗa baƙin da tawada huɗu, da injin ya goce kaɗan sai ka ga inuwa a jikin harufa.

Sai hoto. "Ai na turo maka ta WhatsApp." WhatsApp yana matse hoto don ya tafi da sauri, wanda kuma aka ɗauko daga allon wani aka sake turawa ya riga ya gaji. Katin da za a riƙe a hannu yana son ɗigo 300 a kowane inci. Takardar A5, milimita 148 da 210, in hoto zai cika ta, yana buƙatar fiksel wajen 1748 da 2480. Ka ce wa mai aikin ya turo shi a matsayin dokumen, haka zai iso yadda yake. Babbar banar da za a rataya a bakin titin Kanda ba ta buƙatar 300, tunda daga nesa ake kallonta. Inda abin ya fi ciwo shi ne takardar addu'ar arba'in: hoton marigayi guda ɗaya ne, tsoho, a jikin bango cikin gilashi. Kada ka yarda a ɗauko maka shi da waya fitila na haskawa a goshinsa. Ka taka ka je gidan, ka roƙi a ciro shi, ka sa a sikana a ɗigo 600, ka mayar da shi a ranar.

Rubutun Larabci ne ya fi ba ni tsoro, domin kuskurensa ba ya tsayawa a asarar kuɗi. In ka kwafo Bismillah ka manna a manhajar zane irin Photoshop ko Illustrator ba tare da ka kunna tsarin rubutun Gabas ta Tsakiya ba, harufan sai su rarrabu, kowanne ya tsaya shi kaɗai, su kuma juya suna tafiya daga hagu zuwa dama. Wanda ya zauna makarantar allo ko na shekara guda zai gane da kallo ɗaya. Amma yaron da ke kan injin mai yiwuwa bai san bambancin alif da lam ba, a wurinsa ado ne, zai buga dubu hankalinsa kwance. Wani lokacin ma a kwamfutarka daidai yake, sai an buɗe a tasu ya tarwatse. Don haka ka kunna tsarin, ka mayar da rubutun zane, yadda harufan ba za su sake motsawa ba, kafin ya bar hannunka, sannan ka kai wa malami ya karanta. Ba alaramma nake nufi dole ba, limamin masallacin layinku ya isa, kuma ba zai ɗauki minti biyu ba.

Ni ra'ayina ma, aya ba ta da wurin zama a katin da za a raba wa mutum ɗari biyar. Bayan biki ina katunan suke zuwa? Wasu a ƙasan motar haya ta tirotiro, wasu a kwata, wasu an naɗe ƙosai da su. Ina faɗa wa mai aiki haka sau ɗaya cikin ladabi. In ya ce shi dai a sa, kuɗinsa ne.

Harufanmu ma suna da tasu rigimar. A zango ba mu cika rarrabe ƙ da k a baki ba, shi ya sa a rubuce ma muke sakaci. To amma "Barka da zuwa baki" daban, "Barka da zuwa baƙi" daban, kuma baƙon da ya zo daga Kano ko Yamai zai yi dariya a ciki. Yawancin salon harufan ado da muke saukewa kyauta ba su da ɓ da ɗ da ƙ, ba su da ɛ da ɔ na yaren Twi. Sai ka ga ɗan akwati a gurbin harafi, ko kuma mutum ya sa lamba 3 a madadin ɛ kamar yana hira da abokinsa a waya, a kan allon shago kuma. Noto da Charis SIL da Andika duk suna ɗauke da su, kyauta ne. A kula: ɖ na yaren Ewe wutsiyarsa a ƙasa take, ɗ namu ƙugiyarsa a sama. In ka gama, a manhajar CorelDRAW ka zaɓi rubutun ka danna Ctrl da Q ya koma zane, amma ka ajiye kwafi guda da ba ka mayar ba, don Alhaji zai kira da dare ya ce a ƙara sunan ƙanin baban amarya.

Ƙananan abubuwa a gurguje: bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, tambayi mai injin wane CorelDRAW yake da shi don tsoho ba ya buɗe fayil ɗin sabo, ka kuma riƙa adanawa kana aiki. Wanda ya ga dumsor na 2015, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ba sai an tuna masa ba.

Suna da kwanan wata kuwa, kada ka rubuta da ka. Issah ne ko Isa, Abdulai ko Abdullahi, Fuseini ko Husaini? Ka sa mai aikin ya rubuto da hannunsa yadda yake so. Ka buɗe kalanda ka tabbatar ranar da aka ce Lahadi ce, Lahadin ce. Banar barka da Sallah kada ka sa mata kwanan wata, tunda sai an ga wata ofishin Babban Limamin Ƙasa ya yi sanarwa. Kafin bugu ka tura wa mai aikin zanen, ya amsa a rubuce cewa ya yarda. Kafin alƙalami ma ya shigo ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, tukuna, in ba haka ba za ka ga zanenka a bango wani ya buga da rahusa.

Zumuɗin nuna aiki shi ma yana kai mu ya baro. Na taɓa ɗora katin suna a waya kafin iyayen yaro su raba, da lambar maigida da kwatancen gida a jiki, surukarsa ta fara gani a wurina. Na sha magana, kuma na cancanta. Yanzu sai taro ya wuce nake nunawa, in nemi izini, in rufe lamba. Abin da nake ɗauka hoto kuma wanda ya fito daga inji ne, a tafin hannuna, ba wanda kwamfuta ta yi wa kwalliya ba.

Kowane aiki ina roƙon masu ɗab'i su bar mini guda biyu, in rubuta lambobin CMYK ɗinsa da nauyin takardar a baya, in jefa a kwalin da ke ƙarƙashin teburina. In Hajiya ta zo da ƙyalle, kwalin nake jawo mata, ta zauna ta gwada da kanta.