Yadda Iyaye a Karkarar Kano Za Su Shirya Yaro Ya Tsallake Jarrabawar Aji Uku na Ƙaramar Sakandare

Karatun da doka ta wajabta wa kowane yaro a Najeriya shekara tara ne, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. An ƙaddamar da shirin UBE, wato shirin ilimin matakin farko na bai-ɗaya, a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, kuma ita ce ta ɗora wa uba ko mariƙi nauyin sa yaro a makaranta har ya kammala waɗannan shekaru, ta kuma ce karatun kyauta ne a makarantun gwamnati. A ƙarshen shekara ta tara ake zana jarrabawar BECE, wadda aka fi sani da jarrabawar aji uku, kuma da sakamakonta ake tura yaro babbar sakandare. A Jihar Kano, KERD, wani sashe na ma'aikatar ilimi, shi ke shirya ta ga makarantun jiha. Hukumar shirya jarrabawa ta ƙasa, NECO, da ke Minna ita ma tana da tata, wadda makarantun gwamnatin tarayya da wasu masu zaman kansu suke zanawa. Saboda haka tambayar farko da uba zai yi wa shugaban makaranta ita ce wacce daga cikin biyun ɗansa zai zana, domin lokacinsu da hanyar yin rajistarsu ba ɗaya ba ne.

Aikin iyaye yana farawa ne tun yaro yana aji ɗaya, kuma yana farawa da suna. A ƙauyukanmu an saba a rubuta yaro a firamare da sunan mahaifinsa, a ƙaramar sakandare da sunan kakansa ko na garinsu, wani lokaci ma da laƙabin gida irin su Ɗanlami ko Ladidi, ranar haihuwa kuwa malami ya dubi tsayin yaro ya ƙiyasta. Wannan ba ya damun kowa sai ranar da yaron ya zo neman lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da ita, a tarar takardunsa sun saba wa juna, a shiga yawon rantsuwa a kotu da kashe kuɗin mota. Ya kamata uba ya karɓi takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, wadda take da wakilai a ƙananan hukumomi, ya je da ita wurin malamin aji, ya roƙe shi ya buɗe rajista su duba tare, harafi bayan harafi. Idan uban bai iya boko ba, ya tafi da wanda ya iya. Gyaran da zai ɗauki minti biyar a aji ɗaya yakan gagara bayan an buga suna a takardar shaida.

Bayan suna sai katin sakamako. Shekarar karatu zango uku ce, kuma makin kowane darasi kashi biyu ne: na gwaje-gwajen cikin zango da aikin gida, wanda malamai ke kira C.A., da kuma na jarrabawar ƙarshen zango. Makarantu da yawa suna ware maki 30 ko 40 cikin 100 ga kashi na farko, kuma galibi 40 cikin 100 ne iyakar ci. A ƙarshen zango na uku ake haɗa sakamakon shekara a ga ko yaro ya cancanci aji na gaba. Ma'anar wannan ita ce yaron da ya yi fashi ranar gwaji ya yi asarar makin da ba zai maido ba ko da ya yi ƙoƙari a ƙarshen zango. Iyaye sukan tsaya ga tambayar na nawa ya zo, alhali zuwa na biyar a ajin da yawancin yaransa ba su iya karatu ba ba ya nuna komai. Abin dubawa shi ne makin Turanci da na Lissafi, da adadin kwanakin da yaro ya halarci makaranta, wanda akan rubuta a jikin katin.

A nan akwai abin da nake ganin ya fi komai cutar da yaranmu. Saboda cunkoson azuzuwa da ƙarancin malamai, makarantun gwamnati ba su cika mayar da yaro aji ba, sai ya yi ta wucewa shekara bayan shekara, uba yana murna, har ya kai aji uku bai iya haɗa jimla ba. Wucewa aji ba shaidar iyawa ba ce. Ana zana jarrabawar BECE da Turanci in ban da takardar Hausa da ta Larabci, don haka yaron da ba ya fahimtar tambaya zai faɗi Kimiyya da Lissafi ko da ya san amsar a bakinsa. Gwajin da za a yi a gida mai sauƙi ne: a ba yaron littafin Turanci na ajinsa, a buɗe shafin da bai taɓa karantawa ba, ya karanta a bayyane, sannan ya bayyana da Hausa abin da ya karanta, a gaban wani ɗan babbar sakandare ko malamin unguwa. A kuma ba shi lissafin raba lamba uku da lamba ɗaya, kamar 456 a raba gida 8. Idan ya kasa waɗannan biyun yana aji ɗaya ko aji biyu, akwai sauran lokacin gyara, kuma gyaran shi ne a koma tushe, a samo masa mai zama da shi rabin awa kullum bayan la'asar ko bayan an taso daga Islamiyya, su fara da karatun Hausa da haɗa baƙaƙe, sannan su hau Turanci. Idan raunin ya yi yawa, ina ganin babu abin kunya uba ya je da kansa ya nemi a bar yaron ya maimaita aji biyu, domin maimaita aji biyu ya fi sauƙi a kan shiga babbar sakandare da kan da babu komai.

Sai batun fashi, wanda a karkara yana da lokutansa sanannu. Zangon farko yana cin karo da kaka, lokacin girbin gero da dawa da cirar gyaɗa, zango na uku kuwa, wanda a cikinsa ake zana BECE, yana cin karo da sharar gona da shuka da noman fari. Ga kuma ranar kasuwa, wadda a garuruwa da yawa takan kwashe rabin aji, maza su tafi dako ko kai dabbobi, mata su ɗauki talla. Ba wanda zai ce manomi ya bar gonarsa, amma ana iya tsara aiki yadda ɗan aji uku zai shiga gona da yamma da ranakun hutun mako, a ɗauke masa aikin safe daga farkon zango na uku har a gama jarrabawa. Wata uku ne kacal a cikin shekara tara.

Da yaro ya shiga aji uku, uba ya nemi sanin lokacin rajista tun a zangon farko, kada ya jira a aiko. Makaranta ce take tura sunayen ɗalibai da hotunansu da makin C.A. ɗinsu, kuma kuskure yakan faru a nan: a tsallake suna, ko a manna hoton wani a kan sunan wani, musamman inda ake da Musa Ibrahim uku a aji ɗaya. A nemi ganin jerin sunayen kafin a tura shi, a kuma rubuta lambar jarrabawar yaro a ajiye a gida. Game da kuɗi, tsarin yakan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka duk abin da aka ce a biya a tambayi na mene ne, a karɓi rasit, in kuma zuciya ba ta kwanta ba a kai maganar ga kwamitin kula da makarantar, wato SBMC, wanda yake da wakilan iyaye da na masu gari, ko ga ofishin ilimi na shiyya. Wanda ya sauya wa ɗansa makaranta a aji biyu ko aji uku ya tabbatar an tafi da takardar sauyi da makin shekarun baya.

Darussan da ake zanawa sun kai tara ko goma, daga cikinsu akwai Turanci, Lissafi, Kimiyya da Fasaha, darasin addini da zamantakewa, Kasuwanci, Noma da Hausa. A ƙa'idar NECO, ana ɗaukar ɗalibi ya ci idan ya tsallake darussa shida da suka haɗa da Turanci da Lissafi, kuma ko a jarrabawar jiha waɗannan biyun su ne ake fara dubawa. Hanyar shiri mafi amfani ita ce tambayoyin shekarun baya, waɗanda ake sayarwa a shagunan littattafai a birni, malamai ma sukan ajiye su. Yara huɗu ko biyar na unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi kwafi ɗaya, su riƙa zama da agogo a gabansu suna amsawa cikin lokacin da aka ƙayyade. Da yake kaso mai yawa na tambayoyin na zaɓen amsa ne, a koya wa yaro cike gurbin amsa da fensir yadda ya kamata da rubuta lambarsa daidai, domin yaro yakan san amsa ya zuba ta a layin da ba nata ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka fensir biyu da abin gogewa da biro da kayan lissafi su kasance a hannu tun mako guda kafin a fara, a kwafi jadawalin jarrabawar a manna a ɗaki. Idan cibiyar jarrabawar tana wani gari, a san hanyar da keken da za a hau, a kuma yi lissafin ruwan safe da rafin da ke cika, domin takardar da ta wuce ba a dawo da ita saboda mutum ɗaya.

Za a iya samun wanda zai zo ya ce a haɗa kuɗi a taimaki yara a ɗakin jarrabawa. Ina roƙon iyaye su ƙi. Satar amsa laifi ne a dokar ƙasa, kuma ko ba a kama kowa ba, yaron da aka rubuta wa amsa a allo zai shiga aji ɗaya na babbar sakandare ya tarar da Fiziks da Kemistiri ba shi da abin ɗaukarsu, sannan a aji biyu ya gamu da jarrabawar tantancewa, wadda da ita gwamnatin Kano take zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar kammala sakandare.

Yaron da malamansa suka shaida yana da ƙarfi a Lissafi da Kimiyya, a nema masa jarrabawar shiga kwalejojin kimiyya da fasaha, wadda hukumarsu take shiryawa daban da BECE, kuma fom ɗinta yana da nasa lokaci. Kwalejojin kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka buɗe a 1977, sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa, cikinsu har da 'ya'yan manoma, kuma akwai irinsu na 'yan mata. 'Yan ƙauye sukan rasa wannan dama ne kawai saboda labarin fom bai iso su da wuri ba, don haka a riƙa tuntuɓar shugaban makaranta tun daga zango na biyu.

Idan sakamako ya fito, uba ya je da kansa ya gani, ya kuma ji makarantar da aka tura yaron. A nan ne ake asarar 'yan mata da yawa: yarinya ta ci jarrabawa, amma babbar sakandaren tana da nisan da ba za a bar ta ta taka ita kaɗai ba, sai maganar ta mutu, aure ya taso. Kafin a yanke wannan hukunci, a je ofishin shiyya da sakamakon a nemi sauyi zuwa makaranta mafi kusa ko ta kwana, ko kuma iyayen unguwa su haɗa 'ya'yansu su riƙa tafiya tare. Wanda kuma ya faɗi Turanci ko Lissafi, a tambaya ko akwai damar sake zanawa a wannan shekarar, domin NECO takan shirya irin wannan zama ga ɗalibanta. In babu, ya maimaita aji uku tare da mai koya masa karatu a gida. Kafin a bar ƙaramar sakandaren, a karɓi takardar sakamakon da takardar shaidar kammalawa, a duba sunan da ranar haihuwar sun dace da takardar haihuwa, a yi hoton kowacce kwafi biyu, a sa na ainihin a leda a ajiye inda gara da ɗigon damina ba za su kai gare su ba.